Malama Lai'atu da Fim ɗin Citta

Lai'atu Kumai 'yar wani ƙauye ce a bayan Kwoi, inda kowane gida yake da gonar citta, kowane falalen dutse kuma yake da masu shanya a kansa. Ubanta Kumai manomi ne, yana cikin mutanen farko da aka yi wa baftisma a ƙauyen. Uwarta Bernice ta rasu wajen haihuwa tun Lai'atu tana 'yar shekara bakwai, abin da ta haifa ma bai zo da rai ba. Kumai bai sake aure ba. Matan yayyensa su ne suka riƙa yi wa yarinyar kitso, suna koya mata girki, shi kuma ya tsaya kai da fata sai ta yi makaranta. A kafaɗarsa yake tsallakar da ita rafi in damina ta yi ƙarfi, ya ajiye ta a bakin makarantar mishan, ya juya gona.

A zamanin ba mai hoto a ƙauyen, ko hoton limamin ikilisiya babu. Saboda haka fuskar uwar ta riƙa dushewa a zuciyar Lai'atu da kaɗan da kaɗan. Lokacin da ta gama kwalejin horon malamai, in ta rufe ido ta nemi fuskar, ba ta samun komai. Abin da ya rage mata shi ne uwar bahaguwa ce, da hagu take riƙe wuƙa da muciya.

A shekarar 1973 aka turo ta Kafanchan, wata makarantar 'yan mata da ke bakin gari, wadda gwamnati ba ta daɗe da karɓa daga hannun mishan ba. Labarin ƙasa take koyarwa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana cikin mawaƙan ikilisiya, kuma ba ta dukan yara. Abin da yake damunta a aji shi ne tana koya wa yara teku da tashar jiragen ruwa da ma'adinai, alhali ita kanta ba ta taɓa ganinsu ba. Shi ya sa ta ƙallafa rai a kan majigin da Turawan mishan suka bari a makarantar.

Akwai wani ofishi a Kaduna da yake ba makarantu aron fina-finan koyarwa. Makaranta ta rubuta abin da take so, in layi ya zo kanta a sako mata shi a jirgin ƙasa cikin faffaɗan gwangwani mai kama da faifai, ta yi 'yan kwanaki da shi ta mayar. A cikin murfin kowane gwangwani an manna ƙa'ida. Fim ɗin ba na ofishin ba ne, na kamfanin da ya yi shi ne a ƙasar waje, izini kawai aka ba ofishin. A cikin aji za a nuna shi, ga ɗaliban makarantar da malamansu kaɗai. Ba a fita da shi daga harabar makaranta, ba a tara jama'ar gari a kansa ko da kyauta ne, ba a kwafa, ba a yankar ko ɗan guntu. Makarantar da ta saɓa, an daina ba ta.

Mai kunna majigin shi ne Mista Fabian, malamin kimiyya. A kwatas ɗin 'yan reluwe na Kafanchan aka haife shi, ubansa direban jirgi ne. Sun gudu kudu lokacin rikici, bayan yaƙin basasa ya dawo shi kaɗai. Tun daga nan ya zama mutum mai taka-tsantsan, ba ya son sunansa ya fito a kowace magana. Hausarsa irin ta garin ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa.

Wata rana cikin daminar 1974 aka toshe tagogin ɗakin kimiyya da barguna, aka rataye farin zanen gado a jikin allo. 'Yan aji uku sun cika ɗakin suna fifita da littattafai, injin wuta yana ruri a waje. Fim ɗin tsoho ne, baƙi da fari, a kan amfanin gonar da ake fitarwa waje. Aka nuna koko, aka nuna gyaɗa da auduga, wani Bature yana bayani, ana ɗan kiɗa a ƙarƙashin muryarsa. Lai'atu tana tsaye a baya tana jiran a gama ta yi tambayoyi.

Sai aka zo kan citta. Ga wani falalen dutse mai tsaguwa a tsakiya, da wata karkatacciyar ɗorawa a bayansa. Nan take ta gane shi, don a kan dutsen nan ta yi rarrafe. Mata ne zaune sun miƙe ƙafafu, suna feren citta suna jefawa a kwando. Hoton ya matso kan ɗaya daga cikinsu. Wuƙarta tana hannun hagu. Matar ta ɗago kai ta dubi mai ɗauka, dariya ta kama ta, ta rufe baki da bayan hannu, sannan ta juya ta ce wani abu da wata 'yar yarinya da ta jingina da kafaɗarta. Kafin Lai'atu ta ja numfashi, hoton ya koma kan buhuna a tashar jirgi.

Ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba. Da aka ɗage barguna yara suka gan ta haka. Ta sallame su ba tambaya ko ɗaya.

"Malama, lafiya? Zafi ne ya kama ka?" in ji Fabian.

"Mista Fabian, don Allah ka mayar da shi baya. Matar nan mai wuƙa a hagu uwata ce."

Ya dube ta. Ya naɗe fim ɗin baya, ya sake kunnawa. Da aka zo wurin ta ce ya tsayar mata ta ƙare wa fuskar kallo.

"Ba zai yiwu ba. Wannan injin tsoho ne. In na tsayar, zafin ƙwan zai cinye wurin nan take, a gabanka za ta ƙone."

Haka ta kalle ta tana wucewa, ta sake kallo tana wucewa, har Fabian ya ce man injin wuta na makaranta ne, ya kamata su tsaya.

Kashegari da safe ta shiga ofishin shugabar makarantar, Madam Mildred, wata dattijuwa 'yar Kagoma da ta yi aiki da Turawan mishan tun tana budurwa. Ta roƙe ta a ba ta majigin da fim ɗin ranar Asabar ta kai ƙauye, ubanta ya gani.

"Lai'atu, kin karanta abin da ke cikin murfin?"

"Na karanta, Ma."

"To, me kike so in yi? Ni na sa hannu. Yanzu ba zamanin mishan ba ne da za a kira mutum a yi masa faɗa a yi addu'a a tashi. Gwamnati ce, takarda take bi. In aka hana mu, yaran nan fa?"

Lai'atu ta sunkuyar da kai. Madam Mildred ta daɗe tana juya alƙalami a hannu, sannan ta rage murya.

"In wani tsoho ya zo gaishe da 'yarsa, ya gaji ya zauna a bayan aji, ni ban gan shi ba. Mutum ɗaya, kin ji ko?"

Ranar nan Lai'atu ta ba wani direban mota saƙo zuwa ƙauye. Amma ruwan makon bai ɗauke ba. Rafin da ke tsakanin ƙauyensu da babbar hanya ya cika ya tafi da gadar katako, saƙon ma bai isa ba sai bayan lokacin mayarwa ya yi. Ita da kanta ta ɗauki gwangwanin a ka ta kai tasha, ta tsaya har aka jefa shi cikin taragon kaya tare da buhunan wasiƙu.

Da aka yi hutu ta je gida. Ta tarar da Kumai yana gyaran ƙotar fartanya da lalube, don yanar ido ta fara rufe masa gani. Da yarensu na Jaba ta ba shi labari. Ya ajiye fartanyar.

"Na tuna su," ya ce. "Turawa biyu, da wani akwati mai ƙafa uku. Ɗan aiken hakimi ne ya kawo su. Suka ba matan gishiri da sabulu, suka ce za su dawo su nuna mana. Ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba." Sannan ya ce, "Tana motsi?"

"Tana motsi, Baba. Tana dariya."

"Dariya. Haka take, ba ta iya ganin baƙo ba ta yi dariya ba."

Ta ce masa za ta sake aro, in ya zo za ta aiko, ya zo shi kaɗai, kada ya gaya wa kowa. Ya ce to. Amma tsohon da ya shekara ashirin yana riƙe da kewa ba zai iya riƙe wannan ba. Ya gaya wa fasto don a taya shi addu'a, fasto ya gaya wa matarsa, kafin Lahadi ta zagayo kowa a ƙauyen ya tuna ranar Turawan nan, kowa ya lissafa wa da wa suka zauna a kan dutsen. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan uwarsa, wannan yayarta, wancan matarsa ta fari.

Layi bai sake zuwa kan makarantar ba sai bayan Kirsimeti, daidai lokacin da motoci suke kwasar busasshiyar citta zuwa Kafanchan. Lai'atu ta aika. Ranar da ta sa, da hantsi, sai ga wata babbar mota ta tsaya a ƙofar makaranta, buhuna sun kai sama, a kan buhunan kuma mutane sun fi ashirin. Mata sun sha ankon zumuntar matan ikilisiya, maza sun sa rigunan zuwa sujada. Wata tsohuwa da ba ta iya tafiya sosai, goyo aka sauko da ita. Kumai yana tsakiya riƙe da sanda, ya kasa ɗaga kai ya dubi inda 'yarsa take.

Madam Mildred ta tafi taro Zariya. Fabian ya ja Lai'atu gefe, gumi yana keto masa.

"Malama, ka san abin da wannan zai jawo. Ni ba na ciki. Ka ce su koma."

"Ka je ka faɗa musu da kanka. Ni bakina ba zai iya ba."

Ya leƙa ya ga tsohuwar da aka zaunar a inuwa tana gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai shirin shiga gaban manya. Ya daɗe yana kallonta.

"Ni ma da akwai inda zan ga tsohona, da na je ko da ƙafa ne," ya ce. Ya shiga ya fara zura fim a cikin injin.

Aka zaunar da baƙin a kan bencin yara, 'yan aji uku suka tsaya a jikin bango. Koko da gyaɗa da auduga suka wuce ba wanda ya yi tari. Da dutsen ya bayyana sai ɗakin ya kaure. Wata ta ƙwala kiran sunan uwarta. Wani dattijo ya miƙe yana nunawa da yatsa yana cewa ga ta can, ga ta can ta biyu. Aka rangaɗa guɗa, aka fashe da kuka, tsohuwar nan ta ɗaga hannu tana gaishe da yayarta da yare tana tambayarta gajiya. Kafin a natsu wurin ya wuce.

"Ina take?" in ji Kumai. "Lai'atu, ina take?"

Shi haske kawai ya gani yana rawa. Aka mayar baya. Wannan karon ya tashi ya nufi zanen da sandarsa, inuwarsa ta rufe rabin hoton, mutane suka yi ta cewa, "Baba, ka tare! Baba, ka kauce!" Lai'atu ta riƙo hannunsa ta tsayar da shi a gefe, dab da zanen, har hancinsa yana kusan taɓa shi.

"Ga ta nan, Baba. Yanzu ta ɗago kai. Ga dariyar. Yanzu ta juyo wurina."

Ya ware idanu iyakar ƙarfinsa, ya miƙa hannu ya shafa zanen. Toka-toka kawai yake gani, kamar hayaƙi.

"Me Baturen yake cewa a kanta?"

"Yana cewa matan ƙasar nan suna fere citta da 'yar wuƙa, sannan a shanya ta a rana."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Bai faɗi sunanta ba?"

"Bai faɗa ba, Baba."

Ya ce ta mayar da shi wurin zamansa. Ya zauna ya dafa sanda da hannu biyu, bai ƙara tashi ba, ko da yake an sake maimaitawa sau da dama saboda sauran. Guɗar da kukan kuwa sun kai bakin hanya. Masu wucewa da 'yan talla da leburorin motar suka taru a tagogi suna ɗaga barguna, haske yana shigowa yana wanke hoton, na ciki suna yi musu tsawa. Da man injin ya ƙare, matan suka ja waƙar godiya, fasto ya yi addu'a, suka hau motarsu. Kowa ya ga nasa in ban da wanda aka yi abin dominsa.

Har yau ba a san wanda ya kai maganar Kaduna ba. Wasu sun ce mai gidan silima ne na cikin gari, da ya ji wai makaranta ta fara nuna wa jama'a fim kyauta. Wasu sun ce daga cikin malamai ne. Ko ma wane ne, kafin ƙarshen zangon takarda ta iso. An cire makarantar daga cikin masu aro. Madam Mildred ta kira Lai'atu, ta miƙa mata takardar, ba ta ɗaga murya ba.

"Na ce miki mutum ɗaya."

"Kin ce, Ma."

"Da ina nan ma ban san abin da zan yi da su ba. Amma yanzu ba a hannuna yake ba."

Fabian ya sami takardar gargaɗi. Bai jira ta biyu ba, a ƙarshen shekara ya ajiye aikin ya buɗe 'yar rumfar gyaran rediyo kusa da tasha. In sun haɗu da Lai'atu sukan gaisa, ba ya ɗauko maganar. Ita kuwa aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar makaranta a gindin dutse bayan Manchok, inda ko fitilar ƙwai sai gidan hedimasta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yaran da ta bari. Ranar da za ta tafi wata 'yar aji biyu ta tambaye ta ko gaskiya ne su ba za su ga fim ɗin teku ba, ta ce gaskiya ne.

A hutun farko ta hau jirgi ta tafi Kaduna ta nemi ofishin. Wanda yake kula da shi Mista Martins ne, wani mutum mai furfura da tabarau, wanda ya san sunanta tun kafin ta faɗa. Ta zaci zai kore ta, sai ya ba ta kujera ya saurare ta har ta gama. A bayansa gwangwanaye ne jere a kan kanta har rufi.

"Ba na zo roƙon a yafe mini ba ne, Yallaɓai. So nake a yi mini kwafin wurin nan kawai. Bai kai minti ɗaya ba."

"Ba mu da ikon kwafa, Malama. Haƙƙin mallaka na kamfanin ne."

"To hoto ɗaya. A yanko mini ɗan guntu kamar farce, in kai wa mai hoto ya wanke."

"In na yanka na karya yarjejeniya. In suka ji, ba makaranta ɗaya za a hana ba, duk jihar ce."

"Fuskar uwata ce fa. Ni ce yarinyar da ke jingine da ita. Ba wanda ya tambaye mu."

Ya cire tabarau ya murza ido.

"Na yarda. Fuskar ta uwarki ce, hoton na kamfani ne. Haka dokar take, ba ni na yi ta ba. Mu ma nan kayan aro ne a hannunmu, kin kuwa san zanen aro ba ya rufe katara."

Ya rubuta mata adireshin kamfanin ya ce ta gwada. Ta rubuta musu da Turancinta mafi kyau, ta bayyana dutsen da ɗorawar da wuƙar hagu. Ta sake rubutawa, ta kuma sakewa. Duk ranar kasuwar Manchok sai ta biya ta wurin mai karɓar wasiƙu. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

A 1977 wani likitan ido ya zo asibitin mishan na yankin ya yi 'yan makonni yana cire wa tsofaffi yanar ido. Lai'atu ta kai ubanta. Ido ɗaya ya riga ya mutu, amma ɗayan ya buɗe. Aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da aka kwance masa bandeji ya dubi 'yarsa ya daɗe, ya ce ta rame, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya ce, "To, yanzu sai ki kai ni."

Ta san akwai wani ɗan ɗaki a ofishin Kaduna inda ma'aikata suke gwada fim kafin su aika. Ta yi tunanin in Mista Martins ya ga tsohon da idonsa, zai yi wuya ya hana su minti ɗaya a ɗakin nan, ba aji, ba taro, ba mai gani. Ba ta rubuta ta tambaya ba, don tana tsoron a ce a'a a takarda. Suka jira aka gama girbi, suka hau jirgi. Kumai bai taɓa shiga jirgi ba sai ranar. Ya sa kwat ɗinsa ta sujada, ya zauna a bakin taga yana kallon kowace bishiya da kowace saniya da sabon idonsa, yana tambayar sunan kowace tasha.

Ta zaunar da shi a benci a barandar ofishin ta shiga. Da Mista Martins ya gan ta, ya hango tsohon ta ƙofa, sai fuskarsa ta canja. Kantar da ke bayansa rabinta babu komai.

"Malama, da kin rubuto kafin ku taso."

"Minti ɗaya kawai, Yallaɓai. Yanzu yana gani."

"Babu shi. Izinin tsofaffin fina-finan nan ya ƙare watannin baya, ba a sabunta ba. Yarjejeniyar ta ce in ya ƙare a lalata su, a aika musu da shaida. A bayan ofishin nan aka sassare su da gatari aka ƙone. Ni na tsaya a kai."

Ta dafa tebur.

"Ba wani kwafin a wani wuri?"

"Wataƙila a can ƙasarsu. Amma na ji an sayar da kamfanin ga wani kamfanin, ban ma san sunansa ba. Na tuna da ke ranar, wallahi na tuna. Akwai mutanen da suka zo shaida, ba yadda zan yi."

Ta fito. Kumai ya miƙe yana gyara kwat, yana goge tabarau da bakin riga.

"Mu shiga?"

"Baba, sun ƙone shi."

Ya tsaya da tabarau a hannu. Ya tambaye ta ko gobara aka yi, ta ce a'a, da gangan ne, doka ce. Ya tambaye ta laifin me matan suka yi. Ya mayar da tabarau, ya ɗauki sanda, ya ce su tafi kada jirgi ya bar su. A hanyar dawowa ya ba ta wurin taga.

Da suka sauka Kafanchan ta ja shi wajen wani mai hoto da ke da shago a hanyar kasuwa, mai labule da zanen bene a jiki. Ta ce tunda ya sa kwat, su yi hoto ɗaya tare ta ajiye. Ya leƙa ya ga akwatin a kan ƙafafunsa uku, ya ja da baya.

"A'a. Ba za su tafi da ni ni ma ba."

"Baba, wannan namu ne. A hannunmu za a ba mu."

"Haka waɗancan suka ce."

Ta yi lallashi har ta gaji, ya ƙi. Bayan nan bai ƙara barin ƙauye ba. Ya ci gaba da zuwa gona da sujada, amma ya rage magana, in ta zo hutu sai su zauna su yi shiru tare. Ciwon ƙirji ya kama shi a farkon daminar 1979, kafin a sami motar da za ta kai shi asibiti ya cika. Aka binne shi a bayan gida kusa da matarsa.

Lai'atu ta ci gaba da zama a bayan Manchok. Ta nemi a mayar da ita Kafanchan, ba a amsa ba, daga baya ta daina nema. Lokacin an buɗe makarantu ga kowa, yara sun yi yawa har wasu azuzuwan a gindin mangwaro suke, alli ma sai an yi rabo. Ta auri wani malami abokin aikinta, mutum mai haƙuri, ta bar ƙungiyar mawaƙa saboda muryarta ta daina kaiwa.

Takan je ƙauye lokacin Kirsimeti ta share kaburburan. Tsohuwar nan da aka goyo daga mota ta yi tsawon rai fiye da yadda kowa ya zata. Duk zuwan Lai'atu sai ta aika a kira ta, ta kama hannunta, ta ce, "Malama, yaushe za a sake kawo su? Rannan ban gama gaisawa da yayata ba." An sha gaya mata abin da ya faru, ba ta riƙewa. Da fari Lai'atu takan ce sai an gani, Mama. Daga baya sai ta riƙa zama kawai, hannunta cikin na tsohuwar, har barci ya ɗauke ta, sannan ta zare hannun a hankali ta fita.